Tabon Bayan Kaiea: Shafi na 17

Masu cika mini waya da saƙo wai na yi shiru kwana uku, ku yi haƙuri, intanet ɗin tsibirinmu Betio ne ya yi halinsa. Ke kuma mai cewa Rereao muguwa ce ba ta son ƙaninta, ki karanta na yau tukuna, sai mu yi magana.

Gobe Alhamis jirgin Kaiea zai tashi. Takardun asibitin ƙasar waje sun iso, fasfo ya fito, matan coci har sun saƙa masa sabuwar tabarma. Abin da ya rage kawai a kai shi can a fara ɗura masa maganin ciwon daji.

Yayarsa Rereao ma'aikaciyar jinya ce, shekara tara tana aiki ba a taɓa kama ta da laifi ba. Da hantsin Laraba tana wanke hannu aka ce Dakta Temaeu na nemanta.

Ita wannan likita sati biyu ke nan da dawowarta daga karatun cututtukan fata, kuma tun da ta dawo ba ta bar kowa ya sha ruwa ba. 'Yar firit da ita, ga tabarau, ga tambayar tsiya. Rereao ta same ta da fayil ɗin Kaiea a buɗe.

"Zauna, Neiko," in ji likitar. Haka ake kiran mace a nan, namiji kuma Nao.

"Ina da marasa lafiya a layi."

"Za su jira. Wannan ƙaninki ne?"

Rereao ta ɗaga gira, wato eh.

"Wa ya ce ciwon daji gare shi?"

"Takarda ta ce."

"Takarda ba ta ce ba." Dakta Temaeu ta juyo mata da ita. "Naman da aka yanko daga tabon bayansa, cewa suka yi ya yi kama da limfoma, dajin kaluluwa. Kama suka ce. Kin ga layin ƙasan nan? Ba wanda ya karanta shi, kowa ya ga kalmar daji ya ɗora hannu a ka. Sun ce in akwai tarihin kuturta a gidan a sanar da su, su sake rina naman da wani launi, don ƙwayar ba ta fitowa da rinin da suka yi."

Rereao ta waiga ta ga ko ƙofa a rufe take.

"Fararen ƙwayoyin jini in suka taru a fata," in ji likitar, "a ƙarƙashin madubi kusan kama ɗaya suke yi, ko daji ne ya tara su, ko wata cuta suke yaƙa. Mutumin da ya duba bai taɓa ganin Kaiea ba. Ɗan nama ya gani kamar ƙwayar shinkafa, sai kuma abin da muka rubuta masa. Ga abin da muka rubuta."

Ta ɗora biro a kan wani ɗan gurbi. Akwai mai kuturta a dangi? Babu.

"Rubutun wa?"

"Nawa."

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

Dakta Temaeu ta cire tabarau ta daɗe tana kallonta.

"Maganin daji ba ruwan kwakwa ba ne. Garkuwar jiki yake karyawa. In daji ne, an yi daidai. In ɗayan ne, an buɗe wa cutar ƙofa ke nan, ta bi jijiyoyin hannu da ƙafa ta cinye, abin da ta ci kuma ba ya dawowa. Alhali maganinta na cikin kabad ɗin nan na bayana, kyauta, shekara ɗaya ya warke."

"Na san wannan. Ba yau na fara aiki ba."

"Shi ya sa nake mamaki. Ko na rubuta musu yau, sai an yi sati uku amsa ta zo, shi kuma ranar Litinin za a rataya masa ledar farko. Kwamiti ya riga ya sa hannu, ba zan tsayar da tafiya a kan zato ba. Kawo mini shi kafin ƙarfe huɗu in ɗan tsaga fatar kunnensa in duba. Minti goma ne."

"Yau ake masa walimar bankwana."

"To a ci lafiya."

Rereao ta fito ranta a jagule. Haushin likitar take ji, tana kuma sane da cewa likitar ba ta yi mata komai ba.

Waɗanda suka biyo mu tun farko sun san yadda wannan "Babu" ta hau takarda. Wata uku da suka wuce, ana gobe za a yanki naman, uwarsu Nei Tabera ta zo ta same ta a tsakar gida, ta zauna a kan tsakuwa daidai ƙafafunta, ta ce bubuti take yi mata. Bubuti kuwa ba roƙon "in kin ga dama" ba ne. A nan in mutum ya buɗe baki ya yi maka bubuti, ko kwale-kwalenka ya nema sai ka kwance masa igiya. Balle uwa, balle ta zauna a ƙasa. Ta ce mahaifinta ne jirgin ruwa ya taɓa ɗaukewa zuwa tsibirin kutare a Fiji, shekara kusan sittin ke nan, kada sunan gidansu ya sake shiga takardar gwamnati. Rereao ta auna ta ga mutumin da ya mutu tun kafin a haifi Kaiea ba abin da zai shafa masa. Ta rubuta.

Yanzu a cikin bas, an matse ta tsakanin buhun shinkafa da wata mata mai bokitin kifi, tambaya ɗaya ke cinta. Wannan ciwon ba a hanya ake tsintarsa ba, sai an yi shekaru ana zaune tare. In shi ne, daga wa ya ɗauka?

Ƙarfe biyu ta wuce ta isa gida. Jama'a duk sun tafi maneabar coci, wato babban zauren taro, inda za a yi walima, ana jiyo 'yan mawaƙa suna gwaji. Kaiea na zaune a gindin kwakwar da ya saba hawa safe da yamma yana taro karewe, ruwan zaƙin nan da ke ɗiga cikin kwalba daga saman bishiyar, ba riga, yana wasa wuƙarsa don ya miƙa wa maƙwabci. Wata biyu ke nan bai hau ba. Kwalba ta dinga suɓuce masa daga sama, kowa ya ce rashin ƙarfi ne irin na mai ciwon daji.

Ya gan ta ya washe baki.

"Malamar asibiti ta gudo daga aiki. Ƙamshin alade ne ya jawo ki, faɗi gaskiya."

"Juya mini baya, Nao."

"Kullum a duba ni kamar kifin kasuwa."

Ya juya. Tabon na nan ƙasa da kafaɗa, jajaja, ya ɗan taso, faɗinsa kamar tafin hannu. Ga wasu ƙanana uku a gefen haƙarƙari. Rereao ta ciro auduga daga aljihu ta murza bakinta ya yi tsini.

"Rufe ido. Duk inda ka ji na taɓa, ka ce eh."

Ta taɓa kafaɗa.

"Eh."

Ta taɓa wuya.

"Eh. Ke, cakulkuli kike mini."

Ta taɓa tsakiyar tabon. Shiru.

Ta sake. Shiru.

Ta zaro biro ta danna bakinsa a wurin har fatar ta lotsa.

"Kin gama ne, ko kin tafi kin bar ni da ido a rufe kamar wawa?"

Sau nawa ta yi wa 'ya'yan wasu wannan gwajin a makarantu, amma wata uku ta kasa yi wa nata ƙanin, don kada ta ga abin da ta gani yanzu. Ta miƙa hannu za ta kamo nasa hannun.

"Me kike yi masa?"

Nei Tabera ce a bakin ɗakin girki, riƙe da kwanon shinkafa. Idonta ba a kan Rereao yake ba, a kan audugar yake.

"Wasa muke yi," in ji Kaiea.

"Tashi ka kai wannan maneaba. Matarka na can tun safe da tsohon ciki, kai kana nan ana wasa da kai."

Ya sa riga ya karɓi kwanon ya fita yana fito. Nei Tabera ta juya ta shige ɗakin girki, Rereao ta bi ta.

Wutar ɓawon kwakwa na ci a ƙarƙashin ƙarfen gashi. Uwar ta durƙusa ta kwashe kifin ƙarshe ta zuba a faranti, ta rufe da ganye, kamar ba kowa a tsaye a kanta.

"Kin gane abin da nake yi masa," in ji Rereao.

"Ni na yi makarantar asibiti?"

"Kin gane. Na ga idonki."

"To tun da har ido kike karantawa yanzu, karanta wannan." Ta watsa mata harara.

"Nei Tabera, na zo ki sake ni."

"Na ɗaure ki ne?"

"Bubutin da kika yi mini. Ki janye shi."

Uwar ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Ana janye bubuti? A wane gari? Uwarki ba ta koya miki ba ne? Au, na manta, uwarki jahila ce, ke kika je Fiji kika ci biredi da cokali."

"Tabonsa ba ya jin taɓi. Na soka masa biro bai motsa ba. Daji ba ya yin haka."

"Turawa sun duba sun ce daji ne."

"Sun ce kama ya yi, kuma ƙaryata suka karanta kafin su faɗa. In aka ɗura masa maganin nan ranar Litinin, hannuwansa za su tafi. Watakila ma ya fi haka."

"Watakila. Kin ji bakinki ai."

"Minti goma likita ke so. A tsaga kunnensa kaɗan, a duba. In ba shi ba ne, gobe da kaina zan ɗauki jakarsa har filin jirgi."

"In kuma shi ne?"

Rereao ta murza audugar da ke hannunta.

"Faɗi mana, malama. In shi ne fa?" Nei Tabera ta miƙe tana goge hannu a zani. "Tun ranar da aka ce daji ne, wa bai shigo gidan nan ba? Fadan coci ya zo ya ɗora masa hannu. Surukansa kullum da kifi. Matan da shekara goma ba su amsa gaisuwata ba sun zo sun zauna sun riƙe masa hannu suna kuka. Je ki faɗi ɗaya sunan, ki ga ko kare zai leƙo."

"Yanzu ba zamanin jirgi ba ne. Ba a kai kowa ko'ina. Ana fara shan magani an daina yaɗawa, ana warkewa sarai."

"A takardarku ake warkewa. Wa zai sake shan karewen da hannunsa ya taro? Uban matarsa Aribo, wannan mai girman kan, zai bar 'yarsa da cikin wata bakwai ta sake kwana a gidan nan? Ke kanki, wa zai yarda ki yi wa ɗansa allura?"

"Ni ki bar ni a ciki."

"Ai kina ciki tsundum. Da hannunki kika rubuta. In kika tona, takardar aikinki za a fara yagawa, kin sani."

"Na sani."

"To rufe bakinki ki je ki yi wanka, an kusa fara addu'a."

Rereao ba ta motsa ba. Tsoron uwarta take ji kamar tana 'yar shekara bakwai, kuma tsoron yana ƙara mata fushi.

"Daga wa ya ɗauka?"

"Me?"

"Kakanmu ya mutu kafin a haife shi. Ba daga kabari ya ɗauko ba. Wani ne ya zauna da shi shekara da shekaru. Wa?"

"Tambayi abokan yawonsa."

"Kaiea bai taɓa kwana bakwai a waje ba. Ni na tafi makaranta, baba ya rasu, gidan nan daga ke sai shi."

"Ki iya bakinki, Rereao."

Zafin wuta ya sa uwar gumi. Wani ɗigo ya gangaro daga girarta ta hagu ya bi gefen ido, kuma baƙi ne. Rereao ta tsaya tana kallonsa. Sai ta kalli rigar mai dogon hannu, wadda ko a tsakiyar zafi ba a taɓa ganin Nei Tabera ba ita ba. Sai ta kalli kunnuwan da kullum gashi ke rufe da su.

A nan ba a taɓa kan mutum. Ko na yaro ba a taɓawa, balle na wadda ta haife ka. Rereao ta san da haka sarai. Ta taka ɗaya, ta sa babban yatsa ta share girar.

Marin ya sauka kafin ta janye hannu, har sai da kunnenta ya yi ƙara.

"Kaina? Kaina kika taɓa, 'yar banza?"

Rereao ta kalli yatsanta. Baƙin gawayi ne da man kwakwa. Ta ɗago ta kalli wurin da ta share. Fata ce sumul, ko gashi ɗaya babu.

"Tun yaushe?"

Nei Tabera ta sa tafin hannu ta rufe wurin.

"Fita mini daga ɗaki."

"Tun yaushe, Nei Tabera? Shekara nawa kina ɗaga mana girar gawayi muna cewa kin amsa?"

"Ba ki da kunya."

"A wurinki na bar ta. Kika zauna a ƙasa a gabana, kika sa ni kuka da labarin kakanmu, ashe ba mamaci kike rufa wa asiri ba."

Uwar ta koma kan kututturen da take zama. Ta sauke hannun. Ba ta yi kuka ba, Nei Tabera ba ta kuka a gaban mutum, amma muryarta ta dushe.

"Kina shekarar farko a Fiji ya fito mini a cinya. Na hau bas har ƙarshen hanya inda ba a san ni ba, na ba da sunan wata. Suka taɓa ni da irin audugar nan taki. Suka ba ni ƙwayoyi."

"Kin sha?"

"Wata biyu."

"Shekara ɗaya ake sha."

"Kin taɓa sha ne? Maganin nan rina mutum yake yi. Na wayi gari na koma kamar gindin tukunya. Ran Lahadi a wurin waƙa wata ta dube ni a gaban kowa ta ce, Neiko, wace irin rana ce ta ƙona ki haka har cikin riga? Suka kwashe da dariya. Ba a san wanda ya san me ba. Da na dawo na kai sauran bakin ruwa na zubar."

"Kika dawo kika ci gaba da kwana ɗaki ɗaya da yaro ɗan shekara goma sha biyar."

"Ina zan kai shi?"

"Kina da 'ya a makarantar jinya. Wasiƙa ɗaya."

"In gaya miki don ki yi abin da kike yi yanzu?"

Rereao ta ji hawaye ya zubo mata, na takaici ne zalla.

"Shekara goma sha ɗaya. Da kin shanye ƙwayoyin nan da yanzu an manta. Launin ma komawa yake yi."

"Ke kin san komai, ba ki ga komai ba." Uwar ta nuna ƙirjinta. "Ina da shekara shida suka zo. Babana na gyaran raga, ba su bari ya naɗe ta ba. Suka sa shi a ƙaramin jirgi shi kaɗai, aka ja da igiya don kada ya haɗu da mutane. Kafin jirgin ya ɓace an cinna wa ɗakinmu wuta, muna tsaye. A makaranta kofina daban, an ɗaura masa jan zare. Har na yi aure ana nuna ni da baki. Na bar tsibirinmu na zo nan, na wanke sunan nan da ƙyar, shekara arba'in. Yau 'yar cikina za ta kwaso shi ta kai wa wata mai tabarau."

"An zalunce ki. Ban musa ba. Amma Kaiea ba shi ya ƙona ɗakin ba."

"Shi nake karewa."

"Kanki kike karewa."

"Faɗi abin da kika ga dama. Ki ji ni da kyau. In kika buɗe baki, ba ni ba ke. Filin kwakwar da ke sunanki na ba wa wani. Ranar da na mutu kada ki zauna kusa da tabarmata."

"Ki riƙe filin. Ina tambayarki abu ɗaya. Kin san ba daji ba ne, tun ranar farko kin sani. Kin san abin da maganin can zai yi masa, yanzu na gaya miki. Za ki bari ya hau jirgin?"

Nei Tabera ta ɗauki itace ta gyara wutar da ba abin da ake dafawa a kanta.

"Za ki bari?"

"Gara in binne shi maneaba cike da mutane suna masa kuka, da in gan shi da rai ana kauce masa a hanya."

Rereao ta ɗago kai, sai ta tsaya cak. Ba uwarta take kallo ba. Kaiea ne tsaye a bakin ƙofa da kwanon da ya juye, kuma daga yadda yake riƙe da shi an san ba yanzu ya iso ba.

"An ce ku zo," ya ce a hankali. "Fada ya iso."

Nei Tabera ta saki itacen da ke hannunta.

Ya ajiye kwanon. Ya kalli fuskar uwarsa, gira ɗaya baƙa, ɗaya babu. Ya daɗe yana kallo. Nei Tabera ta kawar da kai.

"Kuturta ke nan," ya ce.

"Rufa mana asiri da wannan bakin," in ji uwar.

"Ke ba da ke nake ba." Bai taɓa yi mata magana haka ba. Ya juya ga yayarsa. "Kin tabbata?"

"Sai an duba. Likita na jira har ƙarfe huɗu. Yanzu uku da kwata, in muka samu bas za mu kai. In shi ne, yau ɗin nan za ka fara magani, baɗi war haka kana saman kwakwarka."

"Ina taro wa wa?"

"Nao, ka ji ni..."

"Ke ma kin sani tun da can?"

"Na san na kakanmu. Na rubuta ƙarya. Laifina ne, ni zan je in faɗa da bakina."

Ya yi dariyar da ba daɗi.

"Wata uku ina kwana da mutuwa. Na zaɓi wanda zai riƙe wuƙata, na zaɓa wa ɗana suna tun bai zo ba, don kada ya zo ba na nan. Ku biyun kuna kallona kuna zuba mini shayi."

"Shi ya sa na ce mu tafi yanzu. Ba mutuwa ba ce."

"Kin san abin da uban Aribo ya ce mini ɗazu? Ya kama kafaɗata a gaban mutane ya ce in tafi hankali kwance, jikansa ba zai rasa komai ba. Mutumin da ko sunana bai iya kira ba da. In ya ji wannan, kafin rana ta faɗi ya kwashe ta."

"Aribo ba jaka ba ce da za a kwasa. Ka tambaye ta."

"A duba ta ita ma, ko? A zo da motar asibiti ƙofar gidansu, a tuɓe su ɗaya bayan ɗaya ana taɓa su da auduga, maƙwabta na leƙe?"

Rereao ta san haka ake yi.

Daga maneaba aka ɗauki waƙar buɗe taro. Kaiea ya saurara kaɗan. Sai ya shigo ciki, ya wuce uwarsa, ya zo gaban Rereao ya fara lanƙwasa gwiwa.

"Kada ka yi," ta ce. "Kaiea, kada ka yi mini haka."

Ya zauna a ƙasa gefen murhu, daidai ƙafafunta, ya dogara da hannun hagu a bayansa, ya ɗago kai.

"Bubuti nake yi miki, Neiko."

"Tashi."

"Ban taɓa yi miki ba tun da aka haife ni. Ko keke da kika saya ban nema ba. Yau nake yi. Ki bar ni in hau jirgin nan a matsayin mai ciwon daji. In na dawo, to. In ban dawo ba, ɗana ɗan mutumin da daji ya kashe ne, za a ba shi ruwa a kofin kowa."

"Ka san abin da kake roƙa kuwa?"

"Na sani. Ki koma ki ce wa likitar kin duba ni, ina jin taɓi ko'ina."

Nei Tabera ta sauke ajiyar zuciya, har da gyara zama. Rereao ta ji ta tsani wannan sautin fiye da marin. Wayarta na hannunta, lambar Dakta Temaeu na sama, yatsanta a kai. Uwa ta ɗaure ta, ƙani ya ƙara ɗauri, kuma a duk tsibirin nan ba wanda zai ce ta kyauta in ta tsinke.

"Ina jiran amsarki," in ji Kaiea. Sai ya ɗan yamutsa hanci, ya waiga wajen uwarsa. "Nei Tabera, kifinki na ƙonewa."

Babu kifi a kan wuta.

Su biyun suka kalli ƙasa a tare. Gefen hannunsa na hagu na kwance a kan ƙarfen gashi, hayaƙi na fita ta ƙarƙashin ɗan ƙaramin yatsansa, shi kuma yana kallonsu yana jiran amsa.